Ƙwaryar Ndumbe

Da Ndumbe ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa, sai ya shiga ƙungiyar tseren kwalekwale ta unguwarsu, a bakin kogin Wuri. Tun bai iya riƙe filafili ba ya gayyaci surukansa su zo su gan shi cikin jirgi ranar gasa.

Mutum arba'in suna tuƙi bisa amshin waƙa, shi kuwa da lissafi yake nasa. In sun tsoma ya ɗaga, in sun ɗaga ya tsoma, ya jiƙa na bayansa sharkaf.

Saura kwana uku, Ekwala shugaban jirgi ya karɓe filafilin. Gaban Ndumbe ya faɗi, ya tuna surukai.

"Kawu, shekara nawa ka yi a ma'aikatar nan?"

"Talatin."

"Ko ɗigo ba mu taɓa gani a famfonmu ba. Wa ya kai ka iya korar ruwa?" in ji Ekwala. "Riƙe wannan."

Ya miƙa masa ƙwaryar kwalfe ruwan jirgi.

Ranar gasa jirginsu ya zo na biyar cikin jirage shida, amma cikin kwalekwalen ƙamas yake. Ndumbe ya sauko yana gyara riga, ya shaida wa surukai cewa fanninsa aka damƙa masa.