Kututturen Bayan Rumbu

Barira mutuniyar Sara ce a ƙasar Gwaram, mace mai kazar-kazar da ba ta iya zama wuri ɗaya ba. A shekarun da arzikin man fetur ya fara shigowa, motoci suka yawaita a hanyar Kano, ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Daga asibitin Birnin Kudu aka tura ta Kano. Can aka ce ciwon daji ne, aka yi mata aiki, aka kuma ce ta riƙa komawa karɓar allura.

Allurar ta fi aikin wahalar da ita. Gashinta ya zube, bakinta ya yi ɗaci, ko ƙanshin daddawa ta ji sai amai. Mijinta Malam Haladu ya yanka mata zabo, ta dubi romon ta kau da kai. Kullum tana kwance a tabarma tana jin matan maƙwabta na daka, abin yana cinta a rai.

Ana tsakiyar damina sai ga Dada, gwaggon Malam Haladu, tsohuwar da ta tashi a ruga. Ta ajiye ƙwarya cike da wani farin abu mai kama da kunne.

"Dada, ai wannan laimar kwaɗi ce," in ji Barira.

"Ke dai yi shiru, 'yar nan. Naman kaza ne. Akwai mai kisa, shi ya sa ba kowa ke tsinka ba, amma wannan tun ina yarinya na san shi. Shi muke dafa wa wanda ciwo ya hana cin abinci."

Dada ta dafa shi da ɗan man shanu da gishiri. Barira ta ɗanɗana don kada tsohuwa ta ji haushi, sai ga shi ta cinye har ta suɗe hannu. Ranar Malam Haladu ya kasa rufe baki.

Da ruwa ya fara ja baya, Dada ta ce abin ya kusa ƙarewa, don jikin wani ruɓaɓɓen kututture yake fitowa a bakin fadama. Barira ta dubi mijinta.

"Malam, a ɗauko mini kututturen."

"Ruɓaɓɓen itace a cikin gida? Mutane su ce me?"

"Su ce na sami aikin yi."

Da jaki aka jawo shi. Ta sa aka ajiye shi a inuwar bayan rumbu, aka kewaye da zana, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma take dafa bango ta je ta yayyafa masa ruwa da ludayi. Aka daɗe ba a ga komai ba sai gara. Wata rana ma ta yi fushi ta ce a faskara shi a sa a murhu, Malam Haladu ya yi kamar bai ji ba. Sai wata safiya ta ɗaga buhun ta ga 'yan ƙananan kawuna farare sun leƙo a jere. Ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

Da ta koma Kano ta tafi da naman kazar a ƙulle, ta nuna wa sistar da ke yi mata allura.

"In dai kin tabbatar da irinsa, ki ci," in ji sistar. "Jiki na son abinci. Amma kada ki bar zuwa."

Kafin kaka ta wuce, Barira ta fara murmurewa, har tana iya tankaɗe da kanta. Labari ya bazu a Sara cewa ta samo maganin daji a bayan rumbu. Ranar wata kasuwa wata matashiya mai suna Talatu ta yi sallama, ta gaishe ta, ta kasa tashi. Da tsakar gida ta yi shiru, ta kama hannun Barira ta ɗora a ƙirjinta.

"Inna, ban gaya wa kowa ba. Ki ba ni naki maganin, ni tsoron wuƙa nake."

Barira ta ji ƙullutun a ƙarƙashin yatsunta, ƙarami ne, bai kai nata ba.

"Zan ba ki ki ci, kuma zan koya miki yadda ake kula da shi. Amma ba shi ya cire mini nawa ba. Ni ma na ji tsoron nan, ga ni zaune a gabanki. Je ki gaya wa maigidanki, in kuma nauyi kike ji, Malam zai same shi."

Talatu ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗaga kai alamar ta yarda.

Ranar komawar Barira, su biyu suka shiga motar Birnin Kudu tare da mazajensu. Talatu ta ƙura wa hanya ido har suka wuce gonakin Sara. Barira ta miƙa mata ƙosai, ta shiga ba ta labarin sistar nan mai faɗa da sanyin hannu, har Talatu ta soma tambayar yadda ake aikin.