Koriyar Fitilar Mode

Kaltume tana tsinke ganyen albasa a tsakar gida lokacin da aka yi sallama. Ƙanin mijinta marigayi ne, Alhaji Lauwali, ya tsaya a bakin zaure ya ƙi shigowa. Motar da ta ɗauko ɗanta Mode daga Sakkwato ta kife kusa da Achida.

Mode mai gyaran waya ne a kasuwar Goronyo, amma hankalinsa yana kan wani akwatin katako a ɗakinsa. Yakan sayi matattun injinan wasan gem na da, masu cin kaset, ya farke cikinsu ya ga yadda suke aiki. Daga nan ya zana allon wayoyinsa da kansa, ya liƙa ƙananan ƙarafa da dalma, har akwati ɗaya ya iya kwaikwayon dukkansu. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne a ɗauke wuta, wasa ya koma farko. Sai ya sa masa batir da farantin sola a kan rufi.

"Inna, in dai koriyar hitilar ga na kunne, ba shi mance inda anka tsaya," ya ce mata.

Saura ɗan ƙarfe guda da zai sa akwatin ya riƙe wasa ko babu wuta. Shi ya tafi saye a Sakkwato. Da safen ya tsayar da wasan: wani ɗan mutum a bakin gada, ƙafa ɗaya a sama. Ya ce kada kowa ya taɓa, zai dawo ya ƙetare.

Da aka tashi zaman makoki, Alhaji ya dawo.

"Innar Mode, mai ya yi tsada. Ki ba ni solar ga in haɗa da tawa, injin ban ruwa shi tashi."

"A'a."

"Wasan yara hwa! Mi za ki yi da shi?"

"Sanda yana raye mahaukaci kuke ce mai. Yanzu kayan mahaukaci sun yi daɗi?"

Ranar da ta je gaida wata maƙwabciya da ta haihu, ta dawo ta tarar da tsani jingine da bango, babu farantin a rufi. Ta shiga ɗakin Mode. Fitilar ta koma ja, tana ƙiftawa.

Ko takalmi ba ta sa ba. Ta bi gefen kwalbatin ruwan dam har fadama, inda maza suke ban ruwa. Injin yana feshi, farantin Mode yana jere da na Alhaji. Ta sa hannu ta fizge wayar. Ruwan ya tsaya.

"Kaltume! Kin haukace?" in ji Alhaji.

"Haukan gadon gida ne, wurin ɗana na samo. Kai ka hau rufin maraya da tsani, ba ka ji kunya ba?"

"To wallahi in kinka tahi da shi, albasarki ba ta ƙara ganin ruwana."

Ta dubi kwamin albasarta guda biyu a can ƙarshe, waɗanda su ne abincinta na bana. Ta ɗora farantin a ka kamar faifai, ta juya. Babu wanda ya tare ta.

Isa mai gyaran rediyo ne ya mayar mata da wayoyin, tana tsaye a kansa tana faɗa. Fitilar ta daɗe tana ja kafin ta koma koriya. Ɗan mutumin yana nan a bakin gada.

Alhaji ya cika alkawarinsa. Da bokiti ta yi ban ruwa, kwami ɗaya ya bushe, ɗaya ya yi ƙananan ƙwai. Har yau ba sa gaisawa.

Farantin bai koma rufi ba, a tsakar gida yake inda idonta yake kai. Kullum da safe takan goge shi da bakin zanenta, ta juya shi wajen rana. Sai ta leƙa ɗakin, ta dubi ƙafar nan da ke sama, ta ja ƙofa.