Tumbin Onadeko

Shekara talatin a garin Ketu, duk bikin Gelede da ake yi don sanyaya zuciyar Iyaye Mata masu ikon ɓoye, fuskar itacen da Onakoya ya sassaƙa ita ke fara shiga fili. Sai ga ɗan ƙanin ubansa, Onadeko, wanda shi ya koya wa riƙon gizago, ya taso. Bara ya sassaƙa biri ɗauke da tulun bammi, mata suka yi dariya har ɗankwalinsu na faɗuwa. Tun ranar Onakoya bai ƙara jin daɗin sakwara ba.

Da Iya Alashe, uwar bikin, ta ce bana za ta duba hannun kowa kafin ta ba da fuskar gaba ta baɗi, sai Onakoya ya shige rumfarsa ya ja asabari. Ya zuba wa Ogun, uban ƙarfe, manja a kan gizago, ya roƙi abin da dattijo bai kamata ya roƙa ba. Kwana tara yana sassaƙa. A saman fuskar ya zaunar da wani mai tumbi da wushirya, ya tsuguna gaban wurin bauta yana satar doyar hadaya, ido ɗaya na leƙen sama. Ko makaho ya shafa ya san Onadeko ne.

Ranar biki da la'asar mai rawa ya fito da ita tsakiyar kasuwa. Fili ya ɗauki ihu.

"Wayyo cikina! Onadeko, har Ogun ba ka bari ba?"

"Ku dubi tumbi! Wata nawa ne, mijinmu?"

Onakoya ya gyara tsayuwa yana jiran ya ga kunya. Amma Onadeko ya fito ya turo nasa tumbin, ya bi fuskar da rawa. Wata mai tuyar ƙosai ta ce, "Namiji ke nan, ya sassaƙa kansa don Iyaye su yi dariya!" Magana ta zagaye fili, makaɗa suka sa sunansa a ganga.

Onakoya ba shi da damar cewa aikinsa ne. Fuskar da aka wanke da ganye aka miƙa wa Iyaye ta zama tasu, masassaƙi ba ya cewa "ni na yi" a fili. Shi da kansa ya sha tsawata wa mutane a kan haka.

Iya Alashe ta zo wucewa ta gabansa, ta tsaya. "Baba, na san kunnen da wuƙarka ke yankawa. Ba ka taɓa aiki mai kyan wannan ba. Sai dai ba don Iyaye ka yi ba." Ta ɗaga murya ta ba Onadeko fuskar gaba.

Onadeko ya zo ya kwanta rub da ciki a gaban Onakoya don gaisuwa, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, na gode. Amma tumbin kam ka ƙara."

Onakoya ya ce, "Tashi, kana ɓata riga."