Haddar Allon Ido

Hedimasta yana jin kalmar "gwaji" hankalinsa ya tashi. An aiko cewa ɗaliban makarantar koyon jinya za su zo su yi wa yaranmu gwajin ido, aka kuma haɗo da allon haruffan tun da wuri don a kafa a bango. A wurinsa gwaji gwaji ne, kuma makarantarsa ba ta faɗuwa. Ban san abin da ya ƙulla ba. Ina ɗakin littattafai, inda aka jingine ni bayan ritaya, ni da littattafan da gara kaɗai ke karantawa.

Damuwata jikata ce, 'yar aji uku, wadda nake kira Uwargida tun da kakarta ta rasu ta bar gurbin. Idan tana karatu sai ta manna hanci a takarda kamar mai sansanar tawada. Na gaya wa ubanta, ya ce shagwaɓa ce. Na gaya wa uwarta, ta ce yaro ba ya sa tabarau. Da na ji duk wanda ya faɗi gwajin nan za a tura shi wurin likitan ido, sai na yi addu'ar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba: Allah ya sa ta faɗi.

Ranar da suka zo ɗakina suka ƙwace. Malamarsu ta ja kujera bakin ƙofa, ta nuna wata doguwar ɗaliba da farar rigarta ta yi mata yawa, ta ce, "Yau ke ce shugaba," sannan ta dulmiya cikin wayarta. Shugaba ta ɗauki abin da zafi. Ta raba wa 'yan uwanta aiki, ta sa aka janye teburina, ta auna tazarar tsayuwa, ta manna allon a bango, ta juyo ta ce, "Baba, don Allah a rage tari."

Na rage.

Yaron farko ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya zubo haruffa daga babban na sama har layin ƙasa, wanda ni ko da tabarau ƙudaje nake gani a jere. Na biyu ma haka. Na uku har da rausaya kai, da muryar nan ta haddar lissafi.

"Kai, idon yaran nan kamar na shaho," in ji Shugaba. Hedimasta yana bayanta yana shafa tumbi.

Aka zo kan Uwargida. Ta rufe ido, ta fara. Tana layi na uku gam ɗin ya saki, allon ya zame ya faɗi bayan kabad. Ita kuwa ko gezau. Ta ci gaba da karanta farin bango, harafi bayan harafi, har ta sauke. Yara suka fashe da dariya. Shugaba ta tsaya da biro a sama.

"Ranka ya daɗe, an koya musu ne?"

"Bita muka yi," in ji Hedimasta. "Ba gwaji kuka ce ba? A ina aka taɓa shiga gwaji ba bita?"

Na karanta tarihin dauloli da yawa da suka rushe, amma ban taɓa tsayawa kusa da dalilin rushewarsu kamar ranar nan ba.

Shugaba ta dubi malamarta. Malamar ba ta ɗago kai ba. "Ke ce shugaba," ta ce.

"'Yata, rubuta abin da suka karanta," in ji Hedimasta. "Ina riƙe da alli kafin a yaye ki."

"Rana ta yi fa," in ji wani ɗan uwan karatunta, "mota ba za ta jira mu ba."

Na ga gumi a goshin Shugaba. Ta sunkuya da kanta ta zaro allon, ta kakkaɓe ƙura, ta miƙa wa mai maganar mota. "Riƙe mini. Kowa ya koma layi, daga farko." Ta ari rulata ta shiga nuna haruffa a hargitse, ɗaya nan, ɗaya can.

Hedimasta ya ce wannan ai tarko ne, ya fita.

Uwargida ta gane babban harafin sama. A layi na biyu ta ƙanƙance ido, ta miƙa wuya, ta kasa. Shugaba ta rubuta takardar zuwa wurin likita, ta durƙusa ta miƙa mata. Uwargida ta ƙi karɓa, ta taho wurina da hawaye.

"Kaka, na faɗi."

"Kin faɗi da kyau, Uwargida." Na karɓi takardar na ninke na sa a aljihu, inda ubanta ba zai ce ta ɓata ba. "In an sa miki tabarau za ki ga irin tsohon da kika aura."

Ta goge hanci da hannun rigata. "Ai shi ya sa ba na so."