Ɗan Bokkos a Jan Kwali

Da Naomi ta zo hutu daga Abuja, tsarabar da ta miƙa wa mahaifiyarta Magadaliya wani ɗan jan kwali ne. Matan gidan hayarsu na Daɗin Kowa suka taru kamar an kawo jariri.

"Mama, daga gidan abincin nan ne mai rassa har Legas da Fatakwal," in ji Naomi. "Ƙofarsa ma da kanta take buɗewa."

"Da kanta?" Magadaliya ta riƙe haɓa. "To mu me muka yi musu? Jos kullum faɗi take, gidaje sun wuce Rayfield, amma ko rumfa ba su kafa mana ba!"

Sai da ta wanke hannu sannan ta buɗe. Soyayyen dankali ne siri-siri, kowane tsinke daidai da ɗan'uwansa, ga gishiri a 'yar takardarsa daban. Shekara ashirin tana sayar da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada, ba ta taɓa ganin an yi masa irin wannan gata ba.

Ta tauna ɗaya a hankali, sai ta tsaya. Ta ɗauki wani ta shinshina.

"Naomi, wannan ai ɗan Bokkos ne! Irinsa nake loda wa motocin Abuja duk Talata." Ta ɗaga kwalin tana jujjuyawa. "Ikon Allah! Dankalina ya shiga ƙofar da ke buɗe kanta, ni ko ganinta ban yi ba."