Tukwanen da Mama Tolu Ta Wanke

"Ni na ce ki taɓa min tukwane? Ni na aike ki?"

Muryar Malama Martina ke nan, har titi ana jinta. Ni kuwa ina kan bencin bakin ƙofa, sai na gyara zama, don irin wannan ba na bari a ba ni labari.

"Ke yarinya, rage murya," in ji Mama Tolu. "Na girmi uwarki. Baƙi za su zo daga Kaduna, in bar su su ga baƙin tukunya? A gidanku haka ake tarbar baƙo?"

Bari in ɗauko muku daga tushe. Cocinmu na Sabon Gari yana da wani ɗaki da muka mayar gidan tarihi. Kowa ya kawo abin da kakanninsa suka sauko da shi daga jirgin ƙasa, su fitilar reluwe, dutsen niƙa, tukwane. Ni ma na ba da tukunyar daddawar uwata. Martina malamar firamare ce a Samaru, ita ke kawo yara. Dabararta, ta ɗaure wa yaro ido da ɗankwali, ya tura hanci cikin tukunya, ya faɗi abin da aka dafa a ciki. Wannan ta manja ce, ta gidan su Nwankwo. Wannan ta daddawa. Wannan kuma ta burkutu, sai yara su fashe da dariya, fasto ya yi kamar bai ji ba. Daga warin nan take jan su zuwa labarin wa ya zo daga ina. Jikokina da ko bihim ba sa ganewa a makaranta, sun san tukunyar kowa.

Sai aka sa sunanta a gasar gwanayen malaman gidajen tarihi. In ta ci, makarantun Palladan da Basawa za su riƙa turo yaransu. In ba ta ci ba, kwamitin coci ya riga ya ce ɗakin zai koma ma'ajin kujeru.

Jajibirin zuwan alƙalan gasar daga Kaduna, Mama Tolu, shugabar zumuntar mata, ta kwaso matanta kamar za a yi sharar Kirsimeti. Soson ƙarfe, omo, da maganin wanke masai. Suka dirje kowace tukunya ciki da waje, suna waƙar yabo.

Washegari aka ɗaure wa wata ɗaliba ido a gaban alƙalai. Ta shaƙa, ta yi atishawa, ta ce, "Banɗakin asibiti." Aka miƙa mata ta biyu. "Shi ma banɗakin asibiti." Ta biyun nan ta uwata ce! Matar da warin daddawarta ke tsayar da mai keke a hanya. Tir!

Martina ba ta ci ba. Amma alƙalan nan marasa hanci sun aiko da takardar yabo ta tsabta, da sunan Mama Tolu ɓaro-ɓaro. Takardar ce Mama Tolu ta zo ratayewa yau, har da firam ɗin gilashi daga shagunan unguwar PZ.

"Ko ba komai mun samo wani abu," in ji ta, tana neman ƙusa. "Ke me kika samo da warinki?"

Na leƙa kai. "Mama Tolu, in kin gama ki zo ki dirje ni. Ni ma na tsufa, na fara warin tarihi."

"Iya Talatu, ba da ke nake ba!"

"Ai da tukunyar uwata kika yi."

Muna cikin haka sai ga Sebastian, sakataren kwamiti, da kujerun roba a ka, yana tambaya ina zai sauke. Ko kunya babu. Mama Tolu ta nuna masa kusurwar dutsen niƙa, ta ce ya kula kada ya kawo mata datti.

Martina ta tsaya tana kallonsu. Sai ta ɗauko tukunyar uwata, ta shaƙa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta zo ta dire min a cinya.

"Iya, ga kayanki. Ki je ki dafa daddawa a ciki. In ta koma wari kafin mu mutu, ki aika a kira ni."

Ta fizge ɗankwalin ɗaure idon daga kan ƙusa, ta fice, ta banko ƙofar garam.