Idon Auta

A unguwarsu a Wudil, in ƙyanda ta kama yaro, gidan Mairo ake fara zuwa. Ita ba boka ba, ba ungozoma ba, furarta kawai take kirɓawa tana aikawa kasuwa ran Juma'a. Amma 'ya'yanta huɗu ta yi wa jinyar ƙyanda, uku suka tashi, ɗaya ya tafi, kuma wanda ya tafin shi ya kafa mata abin da ta riƙe har ta manyanta. Ɗan farinta ne. Kwana uku yana zazzaɓi ƙuraje ba su fito ba, aka kira wani mai yawo da allura a keke ya soka masa, kafin azahar ɗin washegari an kai shi makwancinsa. Tun daga ranar Mairo ta yanke wa kanta hukunci: cutar da ta fito fata ta sallami mutum, wadda ta nutse ciki ita ce ajali, kuma allura ce ke nutsar da ita. Ka yi mata musu a kan wannan, sai ta kalle ka kamar ka zagi mahaifinta.

Tana da ƙane, Sharhabilu, wanda kowa ke kira Auta. Yana ɗan shekara huɗu uwarsu ta rasu, Mairo ta ɗauko shi ta kawo ɗakin aurenta, ta raine shi tare da nata. Ya girma ya zama maɗinkin riga, kuma wallahi ba ƙaramin maɗinki ba. In Auta ya zana aska takwas a kan shadda ya bi ta da zaren tsamiya, sai ka juya rigar ciki da bai ka rasa inda ya ƙulle zaren. Shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata suka faɗo, duk ɗan akawun da jiya yake fama da riga ɗaya ya tashi yana son babbar riga mai aiki, 'yan kasuwa suna zuwa daga birni a Fijo har ƙofar zaurensa. Auta ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Idonsa ne ke ciyar da shi, da matarsa, har da rabin gidan Mairo.

A daminar shekarar, ruwa ya doke shi a hanyar Utai, inda matarsa Murja take wankan jego a gidan iyayenta. Ya dawo da tari da ciwon haƙarƙari, in ya ja numfashi sai ya dafe gefensa. Da yake ba kowa a ɗakinsa, Mairo ta dawo da shi gidanta. Kwana biyu tana ba shi jiƙe-jiƙe abin bai motsa ba, ran na uku ta tasa shi gaba zuwa asibitin garin. Da likita ya gama duba shi, ta zaunar da shi a benci, ya jingina da bango ya rufe ido, ita kuma ta je tagar karɓar magani.

Malamin maganin, Malam Haladu, saurayi ne da bai daɗe da gama makaranta ba. Ya zuba fararen ƙwayoyi a 'yar ambulan, amma bai saki ba sai da ya leƙo fuskarta.

"Inna, ki saurare ni da kyau. Wannan ƙwayar magani biyu aka haɗa a cikinta, ɗaya na taimakon ɗaya su kashe cutar da ke ƙirjinsa. Biyu da safe, biyu da yamma, kwana goma. Ya riƙa shan ruwa sosai. Ko ya ji sauƙi kada ya daina sai ta ƙare, kuma kada a ba wani. Ya taɓa shan magani ya sa shi ƙaiƙayi ko kumburi?"

"Auta? Bai taɓa taka asibiti ba sai yau."

"To, saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Akwai jikin da ba ya karɓarta. In kin ga ƙuraje a jikinsa, ko bakinsa ya yi gyambo, ko idonsa ya yi ja, a tsayar da ita nan take a dawo da shi a ranar. Kin ji ko? A ranar."

"Na ji, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Ta ji ɗin kuwa. Kada wani ya zo daga baya ya ce ba a gaya mata ba, ko hayaniyar asibiti ta hana ta ji. Ta ji sarai, ta ƙulle ambulan a haɓar zaninta.

Magani ya yi aiki, ba a cewa komai. Kwana uku zazzaɓi ya sauka, ran na huɗu Auta ya ce tuwo yake so da miyar kuka, ran na biyar har ya lallaɓa zaure ya ɗauki allura. Mairo ta bi shi da faɗa ta ƙwace rigar, tana cewa ai masu ita ba tsirara suke yawo ba, su jira. Ita da kanta take miƙa masa ƙwayar safe da yamma, da moɗar ruwa cike, ta tsaya a kansa sai ya shanye.

Ran Talata da hantsi zazzaɓi ya dawo. Ta shiga ɗakin ta tarar da shi kwance, idanunsa jajur suna hawaye. Ta ɗaga rigarsa, sai ga ƙirji da baya sun yi ja da ƙuraje. Mairo ta ja dogon numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ai a makon nan yara biyu ke kwance da ƙyanda a layinsu. Auta kuwa bai yi ta ba yana yaro, wa zai gaya mata, ita da ta raine shi? Zazzaɓi, jan ido, ƙuraje, duk abin da ta sani ne kamar tafin hannunta.

Tana tsaye a bakin randa tana ɗibar masa ruwa maganar Malam Haladu ta faɗo mata, ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya ɓace. Ta tsaya da moɗa a hannu. Amma sai ta ce a ranta, yaron da ko gemu bai tsayar ba, ƙyanda nawa ya taɓa jinya? In ta mayar da Auta yau, me za su yi masa in ba allura ba? Ta riga ta binne ɗaya saboda allura, ba za ta binne na biyu ba. Kuma ba shi malamin da bakinsa ya ce kada a daina sai ta ƙare ba? Ƙwayar nan ce ma ta koro cutar waje. In aka tsayar yanzu, komawa ciki za ta yi.

"Yaya," in ji Auta da ta koma, "idona kamar an watsa min yashi."

"Haka take yi. Ka gode Allah da ta fito. Ungo, haɗiye."

Ya ɗan dubi ƙwayar a tafin hannunta, sannan ya karɓa ya haɗiye.

Ta rataye zani a taga don kada iska ta shigo, ta hana kowa shiga, ta dama kunun tsamiya. Laraba ƙurajen suka haɗe da juna suka yi duhu. Alhamis leɓɓansa suka tsage, bakinsa ya kumbura har ba ya iya haɗiyar ƙwaya. To me Mairo ta yi? Kaico! Murƙushe ta ta yi a ludayi, ta kwaɓa da kunu, ta ɗura masa a hankali tana lallashinsa kamar jariri. Duk abin da ta yi, don so ta yi shi, kuma wannan ne ya fi ciwo.

Juma'a da safe ta kama kafaɗarsa za ta juya shi, sai fatar ta biyo hannunta kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Idanunsa sun manne da mugunya, ba ya iya buɗewa. Mairo ta kalli hannunta, ta kalli ƙanenta. Shekara ashirin tana ganin ƙyanda, ba ta taɓa ganin wadda ke saɓule fata ba.

"Innalillahi! Malam! Malam, fito, wannan ba ƙyanda ba ce!"

Mijinta Maikano ya fito a guje, ya samo a-kori-kurar wani maƙwabci, aka shimfiɗa Auta a baya. A asibiti Malam Haladu na hango su ya baro tagarsa. Ya duba Auta, ya juyo ga Mairo.

"Inna, yaushe ƙurajen suka fito?"

"Talata."

"Kin tsayar da maganin?"

Ya miƙa hannu, ta kwance haɓar zani ta ba shi ambulan. Ya leƙa ciki, ƙwaya huɗu suka rage. Da ya zage ta da ta ji daɗi. Amma sai ya ruga ya kira likita, likita ya ce a wuce da shi babban asibiti a birni yanzu-yanzu.

Ga shi ranar kasuwa ce. Manyan motocin shanu sun toshe gada, Fulani na koro garke a tsakanin motoci, masu kifi da masu tukwane kowa na ta kansa. Sun fi awa ɗaya ba su haye kogin ba. Mairo na zaune a bayan mota ta ɗora kan Auta a cinyarta, ta tare masa rana da mayafinta, tana kiran sunan Allah har muryarta ta dushe.

Sati biyar suka yi a birni. Likitan, wani Ba'indiye mai furfura, ya yi mata bayani wata nas tana mayar mata da Hausa. Ya ce maganin ba mugu ba ne, ya tashi mutane da yawa, shi ne ma ya warkar da ƙirjin Auta. Jikinsa ne bai karɓe shi ba, kuma ƙurajen farko su ne gargaɗin. Da an tsaya a nan, wataƙila da abin bai kai haka ba, amma duk ƙwayar da ya sha bayan nan kamar ƙara itace ne a murhu. Ransa dai ya tsira. Idon hagu ya tafi, na dama zai riƙa bambance haske da duhu, iyakarsa ke nan. Aka ba shi kati aka ce duk asibitin da ya je ya fara nuna shi, kada a sake ba shi irin wannan magani har abada.

Suka dawo Wudil ana girbin gero. Mutane suka yi ta tururuwar zuwa dubiya, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce ƙaddara ce, wani ya ce maganin Bature ai sai a hankali, wata ta ce baki ne ya kama shi saboda yadda sunansa ya fita. Duk suna yaba wa Mairo, wai ko uwar da ta haife shi iyakar abin da za ta yi ke nan. A saninta, ita da Malam Haladu kaɗai suka san abin da aka faɗa a bakin taga, shi kuwa bai gaya wa kowa ba. Yabon nan ya fi mata duka zafi. Ta rame, abinci ba ya shiga. Da maƙwabciyarta Safara'u ta kawo mata yaro da ƙuraje, ko taɓa shi ba ta yi ba, ta ce, "Ki kai shi asibiti yanzu. Ni ban san komai ba."

Wata rana bayan la'asar ta kai wa Auta fura gidansa. Murja ta dawo, tana ciki tana daka. Shi yana zaure a inda ya saba zama, da rigar da bai ƙarasa ba a cinyarsa, yana bin aikin da yatsunsa. A ɗaya hannun allura ce da zare. Ya tsotsi bakin zaren, ya laluba, ya kuskure. Ya sake tsotsa, ya sake kuskurewa. Mairo ta tsaya tana kallo, sannan ta ajiye ƙwaryar ta durƙusa a gabansa.

"Auta, ni ce."

"Na gane tafiyarki, Yaya. Sannu da zuwa."

"Ba wannan ba. Ni ce na yi maka. Malamin nan ya gaya min. Ya ce in ƙuraje suka fito a tsayar a mayar da kai, har sau biyu ya faɗa. Na ji, na tuna, na ƙi. Kwana uku ina ɗura maka da hannuna. Ba ƙaddara ba ce kawai, Auta, ni ce. Ka yafe min ko kada ka yafe, amma ba zan mutu da ita a cikina ba."

Kuka ya ci ƙarfinta. Auta ya bar ta har ta lafa. Ya soke allurar a jikin rigar.

"Na sani, Yaya."

Ta ɗago kai.

"Bencin ai ba nisa da tagar. Idona ne a rufe, amma ina ji. Duk abin da ya gaya miki na ji, kuma ran Talatar nan na tuna."

"To don me ka sha? Don Allah don me ba ka ce min a'a ba?"

"Ke kika miƙo min," in ji shi. "Tun ina ɗan shekara huɗu, yaushe na taɓa mayar da abin da kika miƙo min?"

Mairo ta kifa fuskarta a tabarma. Shi kuma ya lalubi gefen rigar ya ninke ta a hankali, ya tura mata.

"In kin tashi ki ba Maikano ya kai wa mai ita. A ce ya nemi wani ya ƙarasa masa."